Trovan a Asibitin Zana: izinin da ba a nema ba

Duk wanda ya yi wayo a Kano a 1996 ba zai manta da bazarar shekarar ba. Sanƙarau ya shigo tun cikin hunturu ya ƙi fita, ga ƙyanda, ga kwalara, duk a lokaci guda. Kafin ruwan farko ya sauka ya kashe wutar, mutum sama da 100,000 sun kamu a Najeriya, sama da 11,000 sun rasu, yawancinsu yara. Abin ya kai Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga aikin hajjin wannan shekara. A Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gadaje sun ƙare, iyaye na shigowa da yara a kafaɗa, wuya ya sandare, jiki kamar garwashi.

Cikin wannan hali ne, a farkon watan Afrilu, tawagar kamfanin magunguna na Pfizer ta sauka daga Amurka. Ta tarar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna aiki a harabar asibitin, suna yi wa yara allurar chloramphenicol mai mai, wadda ita ce maganin da aka saba amfani da shi a irin wannan annoba a Afirka. Su kuwa baƙin sun zo da wani sabon magani ne mai suna Trovan, wanda a lokacin bai sami lasisin shiga kasuwa ba ko a ƙasarsu. Suka ɗebi yara kusan 200, suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen magani da ba a shakkar ingancinsa. Bayan kamar mako biyu tawagar ta tattara takardunta ta koma gida, annoba na ci. Yara 11 daga cikin waɗanda aka yi gwajin da su sun rasu: 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu sun tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Yawancin hirar da ake yi a kan wannan al'amari a majalisu tana tsayawa ne a kan tambaya ɗaya: shin maganin ne ya kashe yaran? Ni a ganina wannan tambaya ce ta fi kowace rauni, kuma a nan ne kamfanin ya fi samun wurin tsayawa. Sanƙarau ba ciwon wasa ba ne. In ba a yi magani ba yana iya kashe rabin waɗanda ya kama, in an yi maganin ma akan rasa kamar ɗaya cikin goma, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu fita da kurumta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa ko da wane irin magani aka yi musu. Saboda haka da Pfizer ya ce kashi 94 cikin ɗari na yaran da ya duba sun rayu, fiye da abin da aka samu a annobar gaba ɗaya, ba ƙarya ya yi a lissafi ba. Sai dai 5 da 6 cikin yara 200 ba sa tabbatar da komai, ba sa wanke magani, ba sa kama shi da laifi. Adadin ya yi kaɗan.

Kuma dole a faɗi wani abu da masu zafin rai ba sa son ji: tunanin da ke bayan gwajin ba na banza ba ne. Maganin sanƙarau da za a iya haɗiya a ƙwaya, ba sirinji, ba neman jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, babban abu ne ga ma'aikacin lafiya ɗaya tilo a ƙauyen da ya fi kilomita hamsin daga babban asibiti. Gwaji a tsakiyar annoba ma ba haramun ba ne, domin ba yadda za a yi a san maganin annoba in ba a lokacin da take ci ba. A 2003 an yi irin wannan bincike a Nijar, aka gwada allurar ceftriaxone sau ɗaya tak da ta chloramphenicol, aka ga suna aiki daidai, kuma sakamakon ya sauya yadda ake jinyar sanƙarau a duk yankin Sahel. Ba wanda ya kai kowa kotu a kansa.

To ina matsalar Kano take?

Akwai ta a tsarin gwajin kansa. Yaran da ke ɓangaren ceftriaxone an yi musu cikakkiyar allura a ranar farko, sannan aka rage musu zuwa kashi ɗaya cikin uku a kwanakin da suka biyo baya. Kamfanin ya ce don rage zafin allurar ne, kuma abin da aka bayar ya wadatar. Wataƙila haka ne, binciken Nijar ma ya ɗan ƙarfafa wannan magana. Amma a 1996 ba a da wannan hujjar, kuma duk wanda ya san awo ya san in ka rage nauyin dutsen sikeli, kayanka za su yi kamar sun fi nauyi. Sannan an san dangin maganin da Trovan ya fito daga ciki suna lalata guringuntsin gaɓoɓin ƙananan dabbobi, shi ya sa likitocin yara suke kaffa-kaffa da su. Ga kuma batun ƙwaya ga yaron da ke amai ko ya fita hayyacinsa, wanda ba ka da tabbacin maganin ya shiga jininsa. Jaridar Washington Post, wadda ta fasa ƙwan a Disambar 2000, ta kawo labarin wata yarinya 'yar shekara 10 da jikinta ya yi ta rikicewa a kan Trovan, ba a sauya mata magani ba har ta cika a kwana na uku. A nan ne aikin likita da aikin mai bincike suke rabuwa. Mai bincike yana son a bar yaro a rukunin da ƙuri'a ta jefa shi domin lissafi ya fita tsaf. Likita kuwa ba ruwansa da lissafi, yaron da ke gabansa yake kallo. In mutum ɗaya ya sa rigunan biyu, ƙa'ida ta ce rigar likita ce a sama.

Amma babbar matsalar ita ce izini. Kamfanin ya ce nas-nas 'yan gari sun yi wa iyaye bayani da Hausa, kuma iyayen sun amince da baki, tunda yawancinsu ba sa karatun boko. Iyayen da suka shigar da ƙara sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, su dai sun ga Turawa da fararen riguna sun ɗauka agaji ne. Babu takarda ko ɗaya mai sa hannu ko dangwalen yatsa da aka iya nunawa. A bar ma maganar wa ya fi gaskiya. A ɗauka an yi bayanin. Ka tsaya ka hango mahaifin da ya taso daga ƙauye tun asuba, ɗansa na sanƙarewa a hannunsa, ya ga gawa biyu an fito da su kafin ya ƙarasa ƙofa. Aka ce masa ga magani. Me zai ce? Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. "To" ɗin da ya fito daga bakinsa ba izini ba ne, sai in ya san abu uku: cewa wannan magani ba a gama sanin halinsa ba, cewa yana da damar ya ƙi, da kuma cewa in ya ƙi, ga wasu likitocin can taku kaɗan daga inda yake tsaye za su yi wa ɗansa maganin da aka sani, kyauta. Wannan na ukun shi ne ƙashin bayan maganar. Mutumin da bai san akwai wata ƙofa ba, ba a cewa ya zaɓi wadda ya shiga.

Kada wani ya ce ai a lokacin duniya ba ta waye da wannan ba. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, aka rubuta ƙa'idojin Nuremberg guda goma, ta farkonsu ita ce yardar mutum da son ransa wajibi ce. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojinta na bincike a kan ɗan Adam, a 1964. Amurka kanta ta sha kunyar Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani domin a ga yadda yake cin jiki. Ba kuma ƙa'idar Turawa kaɗai ba ce. A 1992, shekara huɗu kafin Trovan, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa binciken likitanci ba ya halatta sai da yardar mai cikakken hankali, yardar da ba tilas a cikinta kamar ta ɗan kurkuku, ba kuma jan ra'ayi da abin duniya kamar yadda ake yi wa matalauta. A kan yara da waɗanda hankalinsu bai cika ba ma matsayin majalisar ya fi na Helsinki tsauri. Ilimin yana nan. Abin da babu shi ne mai tsare ƙofa.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da mu mutanen gida ba mu cika son tsayawa a kansa ba, domin ya fi daɗi a zagi baƙo. Ƙa'ida ta ce kafin a taɓa mutum ɗaya da sunan bincike sai kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya karanta tsarin ya amince. Da hukumar magunguna ta Amurka ta zo duba takardun Trovan, an gabatar mata da wasiƙar amincewa a kan takardar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996. Daga baya shugaban asibitin na lokacin, Sadiq Wali, ya shaida wa 'yan jarida cewa a wannan lokaci asibitin ba shi da kwamitin ɗa'a ma sam. An rubuta wasiƙar ne bayan an gama komai, aka mayar da kwanan wata baya. Ba a Amurka aka buga ta ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba na kawo wannan don tozarta kowa ba, kuma na san yanayin da likitan gwamnati yake ciki a zamanin Abacha: albashi ba ya kai wata, ɗakin gwaje-gwaje ba kayan aiki, sai ga babban kamfani ya zo da kayan zamani da alkawarin sunanka zai fito a mujallar duniya. Jarrabawa ce mai nauyi. Amma darajar sa hannun likita daga nan take. Jama'a sun ba shi abin da ba su ba kowa ba: ya tuɓe mutum, ya tsaga cikinsa, ya ji sirrin da matarsa ba ta sani ba, ya rubuta cewa wane ya mutu a yarda ba tare da an tambaye shi shaida ba. Abin da aka karɓa a madadin wannan shi ne in ya sa hannu a takarda, abin da ke cikinta haka yake. Ranar da sa hannun ya zama abin da ake nema a cike gurbi da shi, takardar haihuwa da ta hutun rashin lafiya da rahoton da ake kai wa alƙali duk sun zama tawada kawai.

Kuma a cikin labarin nan akwai waɗanda suka riƙe nasu. Idris Mohammed, farfesan da gwamnatin tarayya ta ɗora wa jagorancin yaƙi da annobar, ya nemi ganin takardun izinin gwajin tun ana cikin yi, ya kuma nemi a dakatar. A can cikin kamfanin, wani likitan yara mai suna Juan Walterspiel ya rubuta wa shugaban Pfizer wasiƙa yana nuna damuwarsa, ba da jimawa ba aka sallame shi daga aiki, kodayake kamfanin ya ce sallamar ba ta da alaƙa da wasiƙar. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Abdulsalami Nasidi ya kammala da cewa gwajin ya saɓa doka, an yi shi da maganin da ba shi da rajista. Rahoton ya kwanta a durowa shekara biyar, sai a 2006 ya ɓulla, shi ma a jaridar Amurka. Wato mutanen Kano sun ji abin da gwamnatinsu ta gano game da 'ya'yansu ne daga bakin baƙi.

Shi Trovan ɗin bai yi tsawon rai ba. An ba shi lasisi a Amurka a ƙarshen 1997 don manya, ba don yara ba, ya yi kasuwa sosai, sai a 1999 rahotannin lalacewar hanta da mace-mace suka sa aka taƙaita amfani da shi ƙwarai, Turai kuwa ta dakatar da shi. Shari'a ta fi shi daɗewa. Iyalai sun shigar da ƙara a New York a 2001, aka yi ta kora ana dawowa, har a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa gwaji a kan mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar ƙasa da ƙasa, ana iya bin kadinsa a kotun Amurka. Gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Da aka zo rabo sai ga mutum sama da 500 sun fito, alhali yara 200 aka yi gwajin da su, dole aka koma gwajin ƙwayar halitta don tantancewa. Wasu suka ce kwaɗayi ne, kuma ba a rasa masu shi ba. Amma a tuna, iyayen da ba a ba su takarda ba, ba a gaya musu sunan magani ba, ta yaya za su san ko ɗansu na cikin 200 ɗin ko yana layin MSF? Rashin izinin farko shi ya haifi ruɗanin ƙarshe. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Diyyar da ta fi wannan tsada ba kamfanin ne ya biya ta ba. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa. Wanda ya fi ɗaga muryar zargin, Datti Ahmed, shi ma likita ne. Dalilan wannan ƙauracewa suna da yawa, akwai siyasar lokacin, akwai yaƙin Iraƙi, akwai tambayar da talaka ya daɗe yana yi cewa me ya sa ake bin sa gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa sai ya sayi hatta sirinji. Zargin kansa ba shi da tushe, gwaje-gwaje sun nuna haka. Sai dai duk wanda ya tashi kare rigakafin a wancan lokaci, da an ce masa "Pfizer fa?" sai bakinsa ya yi nauyi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, da aka kawo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, kuma yaran da ta shanye a Najeriya, waɗanda ba su wuce 200 da 'yan kai ba a 2002, sun haura 1,100 a 2006. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Ba na cewa Trovan ne ya jawo wannan duka. Ina cewa ya ba jita-jita abin da ba ta taɓa samu ba, wato labari na gaskiya da za ta jingina da shi.

Dokoki sun biyo baya, kuma a takarda ba su da laifi. An kafa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, ya fitar da kundinsa a 2007, asibitocin koyarwa duk sun kafa nasu kwamitocin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutaccen izini kafin bincike. Ina ganin da wuya a sake yin irin na 1996 a fili haka. Amma ni abin da ya fi damuna ba kamfanin waje ba ne yanzu. Halin da ya ba Trovan hanya yana nan a ɗakunan asibitocinmu kullum, ba Bature ko ɗaya a wurin.

Je ka tsaya a ƙofar ɗakin tiyata na kowane babban asibitin gwamnati. Za ka ga an miƙo fom da Turanci, an nuna layi da bakin biro: "Baba, sa hannu nan." In bai iya ba a kawo tawada ya dangwala. Tambaye shi bayan minti biyar me za a yi wa matarsa, zai ce aiki za a yi. Wane aiki? Za a cire mahaifar ne ko za a bar ta? Akwai wata hanyar ban da yanka? Allah ya sani, likita ya sani. Sashe na 23 na waccan doka ta 2014 ya ce a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da haɗarin kowace, da damarsa ta ƙin amincewa, cikin harshen da yake ji kuma daidai da iliminsa. Kotun Ƙoli ma tun 2001, a shari'ar Okonkwo, wadda ta taso daga wata mara lafiya da ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari. Wannan ita ce doka. Abin da ake yi kuwa, fom ɗin ya zama garkuwar asibiti ranar da abu ya ɓaci, ba hanyar fahimtar da mara lafiya ba.

Mu ma muna taimakawa. An tarbiyyantar da mu cewa yawan tambaya rashin kunya ne, musamman ga babba ko mai ilimi. "Likita, duk yadda ka gani." "Mu dai mun bar wa Allah mun bar maka." Magana ce mai daɗin ji, akwai tawakkali a ciki, amma tana sauke wa likita nauyin da bai kamata a sauke masa ba. Likitan kirki in ya ji haka ya san aikinsa ya ƙaru ne, domin mutumin da ba zai tambaya ba sai an ba shi amsar tambayar da bai yi ba. In abu ya lalace kuma sai a ce kwana ne ya ƙare. Kwana na ƙarewa, babu musu, amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda ya bar almakashi a cikin mutum ba. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke lasisinsa. Mutum nawa ne a Rano ko Gumel suka san da ita, balle yadda ake rubuta mata ƙorafi tare da rantsuwar kotu?

Sai batun mata, wanda ya fi kowanne sarƙaƙiya a wurinmu. Mace na naƙuda ta gagara, likita ya ce sai an yi aiki yanzu, ita tana cikin hankalinta, amma kowa ya tsaya ana neman maigida a waya, yana kasuwar ƙauye ba sabis. A doka izininta ya isa. A fiƙihu ma, waccan majalisa ta Jidda ta ce izini na mara lafiya ne in hankalinsa cikakke ne, kuma in rai na cikin haɗari ba a jiran izinin kowa. Amma likitan ya san in ya yi aikin wani abu ya faru, shi dangi za su yi wa ca, ita ma matar ta san gidan da za ta koma. Don haka ake jira, jini na zuba. Ba na cikin masu cewa a yi watsi da miji da dangi, shawara da iyali ƙarfi ce a wurinmu ba rauni ba, kuma mara lafiya da yawa sun fi son a yi maganar da su. Abin da nake cewa a yi shawarar tun ana awon ciki, a rubuta a kati, tun kafin daren da ba lokacin shawara.

Zan yi wa likitoci adalci, domin na san abin da za su ce. Bayani lokaci yake ci. Likitan da ke da mutum 80 a layi kafin azahar, ya kwana a kan kira, albashinsa na watannin baya bai fito ba, ba zai iya ba kowa minti goma sha biyar ba ko da waliyyi ne. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuma sun taru a Legas da Abuja. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan ba. Gwamnatin da ta bar likita ɗaya da aikin mutum biyar ta riga ta yanke cewa ba za a yi wa talaka bayani ba, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Wannan gaskiya ne. Amma ban yarda ya zama uzurin komai ba, domin likitan nan da ba shi da minti biyu da safe, in ka same shi da yamma a asibitin kuɗi sai ka ga har zane yake yi wa mara lafiya a takarda. Ashe ya iya.

Akwai abubuwan da ba sa jiran kasafin kuɗi. Fom ɗin izinin tiyata shafi ɗaya ne ko biyu, fassara shi zuwa Hausa, da boko da ajami, aikin mako guda ne ga duk asibitin da ya ga dama. Ɗalibin likita yana shekara shida yana koyon sunan kowace jijiya da Latin, amma da wuya a zaunar da shi a koya masa yadda zai gaya wa tsohuwa cewa ƙodarta ta daina aiki da kalmomin da za ta gane ba tare da ta firgita ba, ko yadda zai bambanta mata "za mu gwada" da "za mu yi magani". Kuma akwai wata 'yar dabara da ba ta cin ko kwabo: in ka gama bayani, kada ka ce "kin gane?", domin kunya za ta sa ta ce e. Ka ce, "Mama, in kin koma gida yaranki suka tambaye ki me likita ya ce za a yi miki, me za ki gaya musu?" Sai ka yi shiru ka saurara.